Kuɗin Tsintuwa: Na Wa Ne, Har Zuwa Yaushe, Kuma Wa Zai Ɗauki Wahalar Cigiya?

A watan Satumba na 2023 wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu a Kano ya tarar da kuɗi a bayan babur ɗinsa, sefa da naira, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin naira miliyan 15. Na wani ɗan kasuwa ne da ya zo daga Chadi. Da yaron ya ji ana cigiya a rediyo sai ya mayar. Mai kuɗin ya ba shi naira 400,000, daga baya kyaututtuka suka yi ta zuwa daga 'yan siyasa da masu hali, har wata ƙungiyar masu dalilin aure ta yi masa tayin mata. A shekarar 2023 ɗin dai, lokacin aikin Hajji, wata hajiya daga Zamfara ta tsinci dala 80,000 a Saudiyya ta miƙa wa jami'an alhazai.

Labaran sun wuce, gardamar da suka tayar kuwa tana nan. Duk lokacin da aka sake jin irinsu, teburin mai shayi a ƙauyukan Kano da Jigawa kan rabu uku. Akwai masu sa albarka. Akwai masu cewa yaro ya tsinci dami a kala ya yar, Allah ya kawo masa rabo har gida ya ture. Sai na uku, waɗanda ba su da ja a kan mayarwar, amma suna ganin mai kuɗin ya yi rowa. Dukkansu a kan farkon al'amarin da ƙarshensa suke magana, wato a ɗauka ko a mayar. Abin da ke tsakani, daga lokacin da hannu ya taɓa kuɗin zuwa ranar da mai shi ya bayyana ko aka fid da rai da shi, nan ne hukunce-hukuncen suke, nan ne kuma mutane suka fi ruɗewa.

Abin da ake kira tsintuwa, da abin da ba ita ba

Malaman fiƙihu suna kiran ta luƙaɗa. A taƙaice ita ce dukiya mai alfarma da aka samu a inda za ta iya salwanta, ba a kuma san mai ita ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ke raba ta da wasu abubuwa da ake cakuɗa su da ita.

Direban da fasinjansa na kullum ya manta jaka a mota, ko mai shagon da maƙwabcinsa ya bar canji a kan kanta, ba tsintuwa ke hannunsu ba. Amana ce ta wanda suka sani, babu maganar cigiya ko jiran shekara, sai dai a kai masa. Haka walat ɗin da aka samu da katin zaɓe ko takardar NIN a ciki: mai ita ya riga ya faɗi sunansa.

Sai abin da bai taka kara ya karya ba, wanda mai shi ba zai juyo nemansa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ga dabino ɗaya a hanya, ya ce ba don tsoron kada ya zama na sadaka ba da ya ci. Daga nan malamai suka ce irin wannan ba ya bukatar cigiya. Shari'a ba ta yanka masa adadi ba, al'adar wuri da zamani ce ke aunawa. Naira 50 da ta faɗi a tasha yau ba mai komawa dominta. Naira 5,000 kuwa, ko da ba komai ba ce a wurin Alhajin da ke loda tirela a Dawanau, ita ce jarin mai ƙosai gaba ɗaya, kuma wanda ya tsince ta bai san daga aljihun wanne ta faɗo ba.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji, wai tsintuwa ba sata ba ce. Rabinta gaskiya ne. Wanda ya ɓoye tsintuwa ba a yi masa haddin sata, domin bai ɗauke ta daga ma'ajiyarta ba. Amma fita daga haddi bai halatta kuɗin ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ajiye ɓatacciyar dabba shi ma ɓatacce ne muddin bai yi cigiyarta ba.

A ɗauka ko a wuce?

Mu ɗauka wani manomi ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dillali ya cire la'adarsa, aka ƙirga wa manomin naira 700,000, ya naɗe a baƙar leda, ya ɗaure da igiyar buhu, ya cusa a aljihun 'yar ciki. A hanyar komawa bisa babur ledar ta zame. Da la'asar wani mai dawowa daga gona ya gan ta a gefen burtali.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukanmu, kotunan Shari'a na Kano da Jigawa kuma suke hukunci da ita, ba ta ba mai tsintuwar amsa guda ba. Kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sanannen littafin fiƙihun mazhabar, hukuncin ya danganta da wurin da kuma shi kansa mutumin. Idan yana tsoron maci amana zai zo ya ɗauke, shi kuma ya yarda da kansa, ɗauka ta wajaba. Idan ya san zuciyarsa ba za ta iya riƙewa ba, ɗauka ta haramta gare shi. In babu wannan babu wancan, barin abin a inda yake ya fi. A burtalin da ɗaruruwan mutane ke bi ranar kasuwa, da wuya a ce babu wannan tsoron.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba shi ne, da zarar ya ɗauka da niyyar adanawa, ba ya da damar ya sake tunani bayan ya yi nisa ya koma ya jefar a inda ya gani. In ya yi haka kuɗin suka salwanta, biya ya hau kansa. Niyyar farko ma tana da tasiri. Wanda ya ɗauka don ya adana, ɓarawo ya shiga ya sace ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Wanda ya ɗauka don ya ci, ko gobara ce ta cinye kuɗin, suna wuyansa.

Cigiya

Tushen babin shi ne hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani da ke cikin Bukhari da Muslim. An tambayi Annabi (SAW) game da tsintuwa, ya ce mai tsintuwa ya san mazubinta da maɗaurinta, sannan ya yi cigiyarta shekara guda. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya bi ta kanta, ta ƙara da cewa a yi cigiyar a inda ake sa ran za ta kai ga mai abin.

Wannan ƙarin shi ne ke da muhimmanci a karkara. Wanda ya tsinci kuɗi a hanyar kasuwa ya tsaya yana faɗa wa mutanen unguwarsu kaɗai, ya yi cigiya a baki, amma bai yi ta inda za ta yi amfani ba. Kasuwannin mako suna tara mutanen da ba sa sake haɗuwa sai wani makon: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta da Gujungu ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin. Mai kuɗin yana iya zama daga wata ƙaramar hukuma, ko ma daga Nijar. Khalil ya ce idan an tsinci abu tsakanin garuruwa biyu, a yi cigiya a duka biyun. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma akwai labarin mutumin da ya tsinci dinari 80 a hanyar Sham, Sayyidina Umar ya ce ya yi cigiya a ƙofofin masallatai, ya kuma riƙa faɗa wa duk mai zuwa daga Sham har shekara. Wato cigiya bin hanyar da mai kuɗin ya bi take yi.

A ƙofar masallaci aka ce, ba a cikinsa ba. Muslim ya ruwaito hani a kan neman ɓataccen abu a cikin masallaci, domin ba don haka aka gina shi ba. Shi ya sa inda aka san hukuncin, sai an sallame an fito ake sanarwa.

Sai yadda ake faɗa. Mai cigiya ba ya ambaton adadi, ba ya siffanta leda ko igiya. Ra'ayin da Khalil ya kawo ma shi ne ko nau'in abin kada a faɗa, a ce dai wanda ya yar da wani abu a wuri kaza ya zo. Dalilin a fili yake: siffar ita ce mabuɗin, in ka shelanta ta ka raba wa kowa mabuɗi. A nan ne masu kyakkyawar niyya a yau suke yin kuskure, su ɗauki hoton kuɗin da ledar da komai su saka a Facebook ko zauren WhatsApp na gari. Kafin magariba sai ka ga mutum biyar kowa ya san launin igiyar.

A ƙauye hanyar da aka gada ita ce ta masu sarauta. Mai tsintuwa ya je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai shi gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, wani abu na tsinta jiya da la'asar a hanyar kasuwa."

"To, kada ka faɗi ko mene ne a nan. A kira Malam Liman, mu shiga daga ciki a duba a gabansa."

Wannan shiga daga ciki tana da asali. Abu Dawud ya ruwaito umarnin kafa shaidu adilai a kan tsintuwa. Abu Hanifa ya ɗauki kafa shaidar da nauyi, har yana ganin wanda ya bar ta zai iya biya in abin ya salwanta. Malikawa da wasu suna ganin mustahabbi ce. Ko a wane ra'ayi, shaidar mai tsintuwa ta fi karewa: gobe ba wanda zai ce 800,000 ne ya kawo 700,000, in kuma ya rasu kafin mai kuɗin ya zo magada ba za su raba da gado ba. Daga gidan dagaci sai magana ta tafi wurin sarkin kasuwa, shugaban tasha da na 'yan acaɓa, a sa mai shela ya zaga ranar kasuwa, in kuɗin da yawa a kai gidan rediyo.

Ba kowace tsintuwa ce ke cin shekara ba. Masu sharhin Mukhtasar da yawa sun rinjayar da cewa abin da ya fi ƙarfin a yi watsi da shi amma bai kai dukiya mai yawa ba, kwanaki ake cigiyarsa, gwargwadon lokacin da ake zaton mai shi zai nema.

Ranar da mai nema ya zo

A nan mazhabobi suka rabu. Malikawa da Hambalawa sun ce idan mutum ya siffanta mazubi da maɗauri daidai, a ba shi, ba sai ya kawo shaidu ba, domin hadisin abin da ya nuna ke nan, kuma ba wanda ke kiran shaidu lokacin da kuɗi ke zamewa daga aljihunsa. Hanafawa da Shafi'awa sun ce mai tsintuwa yana iya bayarwa in zuciyarsa ta natsu da siffar, amma ba a tilasta shi sai da hujja, domin mai da'awa shi ke kawo shaida, siffa kuma ana iya jin ta a bakin wani. Na farko sun duba wahalar mai kuɗi, na biyu sun duba wayon maƙaryaci.

Malikawa sun bi al'amarin har ƙananan rassansa. In mutum biyu suka zo, ɗaya ya san leda da igiya, ɗaya ya san adadi kawai, na farkon ake ba wa. Wannan ya dace da abin da ke faruwa a kara: dillali, mai saye da duk wanda ya tsaya kallon ciniki sun san nawa aka sayar da bijimin, amma yadda aka ƙulle kuɗin mai shi kaɗai ya sani. In na biyu ya kawo siffa iri ɗaya da ta na farko tun na farkon bai tafi da kuɗin ba, sai su rantse a raba musu. Wanda kuma ya bayar bisa siffa sahihiya, daga baya wani ya zo da shaidu, ba shi za a bi ba, wanda ya karɓa za a bi. Wannan kariya ce babba ga mai tsintuwa, kuma kaɗan ne suka san suna da ita.

Bayan shekara, da matsalar naira

In shekara ta cika ba wanda ya zo, Malikiyya ta ba mai tsintuwa zaɓi uku: ya ci gaba da ajiyewa, ya yi sadaka da kuɗin a madadin mai su, ko ya mallaka ya yi amfani da su. A biyun ƙarshe, duk ranar da mai kuɗin ya bayyana yana da haƙƙin a biya shi, sai in ya yarda da sadakar. Shafi'awa da Hambalawa sun yarda mai tsintuwa ya mallaka, mawadaci ne ko matalauci. Hanafawa sun ce mawadaci ba ya ci, sai dai ya bayar sadaka, matalauci ne kaɗai zai iya amfani da su. Abin da duka huɗun suka haɗu a kai shi ne shekara ba ta kashe haƙƙin mai dukiya.

Litattafan nan an rubuta su ne a zamanin dinari da dirhami, waɗanda shekara ba ta rage musu komai. Naira ba haka take ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan shekara, naira 700,000 da aka ajiye a ƙasan akwati abin da za ta saya a ƙarshe bai fi na 520,000 a farko ba. Manomin da ya sayar da bijimi ba zai mayar da irinsa ba ko an ba shi kuɗinsa cif. Duk da haka mai tsintuwa adadin da ya tsinta zai mayar, ba a ɗora masa faɗuwar naira. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma a zamanta na 1988 a Kuwait ta tsaya a kan cewa bashin kuɗi da kwatankwacinsa ake biya, ba da ƙimarsa ba. Mai tsintuwa kuma ba shi da izinin juya kuɗin cikin shekarar da sunan kare darajarsu. In ya sayi hatsi da su ya ajiye, ya fita daga matsayin mai riƙon amana, duk abin da ya same su shi zai biya. Abin da wannan ke nunawa a aikace shi ne makonnin farko na cigiya sun fi sauran watannin daraja, kuma jinkirin mai tsintuwa asara ce ga mai kuɗi ko da ba a taɓa ko sisi ba.

Canjin kuɗi ya kawo wata tambayar. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun 200, 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, ya sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kafin Kotun Ƙoli ta tsawaita amfani da tsofaffin a watan Maris. Wanda ke riƙe da tsintuwar tsofaffin takardu a wancan lokaci, da ya zauna jiran shekara, da ya iya wayar gari da takardun banza. Mafi kusa da wannan a fiƙihu shi ne hukuncin abin da ke lalacewa, wanda ba a barin sa ya ruɓe da sunan jira. Canzawa ko sakawa a banki a gaban shaidu, tare da adana ledar da igiyar da rubuta yadda takardun suke, shi ya fi kusa da manufar adanawa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Kundin Penal Code na Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, jihohi kuma suka gada, ya ware laifi na musamman ga wanda ya mayar da dukiyar wani tasa da rashin gaskiya ko da ba sace ta ya yi ba. Sashe na 308 ya bayyana laifin, na 309 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka. Ɗaukar abin da aka tsinta don a adana wa mai shi ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne idan mutum ya ci alhali ya san mai shi ko yana da hanyar gano shi, ko kuwa ya ci tun bai yi ƙoƙarin nema ba. Dokar ba ta ce shekara ba, ta bar wa alƙali ya auna ƙoƙarin da lokacin. Tun 2000 Kano da Jigawa suna da kundin hukunci na Shari'a ga Musulmi, don haka ƙara tana iya zuwa ko wace kotu, amma tambayar da za a yi wa wanda ake tuhuma kusan ɗaya ce: me ka yi don mai shi ya ji?

Rigimar tukwici

Naira 400,000 a cikin miliyan 15 bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, kuma a kan wannan aka fi ɗaga murya a 2023. Masu ganin an yi rowa suna cewa yaron ya ceci jarin mutum gaba ɗaya, kuma in mai gaskiya bai ga amfanin gaskiyarsa ba na bayansa ba za su yi koyi ba. Ɗaya ɓangaren suna cewa mutum ba ya karɓar lada a kan mayar da abin da dama ba nasa ba.

A hukunce, na biyun suka fi kusa. Mai tsintuwa ba shi da wani kaso da zai nema. Banda idan mai kuɗin da bakinsa ya yi alkawari, ya ce duk wanda ya kawo zai ba shi kaza. Wannan ita ce ji'ala, malamai suna kafa mata hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki, kuma cika ta wajibi ne. Riƙe kuɗi a ɓoye har sai an ji an sa tukwici, ko cewa ba za a bayar ba sai an kashe an raba, ba ya shiga wannan babi, domin mayarwar ta riga ta wajaba tun kafin alkawarin.

Sai dai masu ƙorafin suna da wata gaskiya da ba su cika faɗa da sunanta ba, ita ce ta ɗawainiya. Zuwa kasuwa mako-mako, kuɗin mota, kuɗin mai shela, kuɗin sanarwa a rediyo, ranar aikin gona da aka rasa, duk kuɗi ne, kuma tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sun ninka. Fiƙihu bai yi shiru a nan ba. Khalil ya yarda a biya mai cigiya daga cikin tsintuwar idan mai tsintuwar ba irin wanda ke yin shela da kansa ba ne. A kan dabba ma ya fi fitowa fili: wanda ya ciyar da ɓatacciyar dabba, mai ita zai zaɓa, ko ya biya kuɗin ciyarwa ya karɓa, ko ya bar masa ita. Duk wanda ya taɓa riƙon tunkiyar wani da bazara, lokacin da buhun harawa ke tsada, ya san amfanin wannan hukunci.

Wasu ƙasashen sun mayar da tukwicin doka. A Jamus mai tsintuwa yana da kashi 5 cikin ɗari har zuwa yuro 500, da kashi 3 a kan abin da ya haura. A Japan tsakanin kashi 5 ne zuwa 20. A nan kuwa al'ada ce ke riƙe da shi, kamar goron albishir: ba a ƙayyade ba, ba a kai ƙara a kansa, amma wanda ya hana gari zai sani.

Me ke hana mutane kaiwa?

Talauci ake fara ambata, kuma yana ciki. Amma bai isa ya bayyana komai ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya bar walat fiye da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, har da Ghana da Kenya. A ƙasashe 38 an fi mayar da walat mai kuɗi a kan wadda ba komai, kuma a inda aka gwada ƙara yawan kuɗin, mayarwar ƙaruwa ta yi. Masu binciken sun danganta hakan da tausayin mai asara da kuma ƙin mutum ya ga kansa a matsayin ɓarawo. Binciken a birane aka yi shi, a kan ma'aikatan wurare kamar banki da otal, don haka ba za a ɗora shi kai tsaye a kan ƙauye ba. Ya dai raunana zaton cewa yawan kuɗi shi ke karya gaskiya.

Abin da ya fi yawa a bakin mutanen karkara tsoro ne. Tsoron a ce kuɗin ba su cika ba. Tsoron a je ofishin 'yan sanda da tsintuwa a koma ana amsa tambayoyi kamar wanda ake zargi, ko kuɗin su shiga inda ba za a sake jin labarinsu ba. Tsoron 'yan damfara, waɗanda tsohuwar dabararsu a tasha ita ce su yar da ƙunshi a gabanka, ɗaya ya ce ku koma gefe ku raba, a ƙarshe naka na aljihu ne zai tafi. Akwai ma masu ƙin taɓa kuɗin da suka gani a mararraba don zaton asiri ne. Mace mai aure ko yaro mai kiwo kuwa ba su da hanyar zuwa gaban dagaci kai tsaye, sai ta hannun maigida ko uba, kuma daga nan hukuncin ya koma ga halin wanda aka miƙa wa. Sakamakon duk wannan iri biyu ne: wasu su wuce su bar kuɗin ga wanda ba ya tsoron komai, wasu su ɗauka su yi shiru, ba su ci ba, ba su kuma yi cigiya ba. A duka biyun manomin Maigatari bai ga kuɗinsa ba.

Inda dagaci ke da littafin rubuta abin da aka kawo, da rana, da sunayen shaidu, kuma kuɗin suka zauna a hannun da kowa ya sani, yawancin wannan tsoro yana raguwa, domin mai tsintuwa yana da abin nunawa in an tuhume shi.

Kuɗin da ya faɗo cikin asusu

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki da yawa a kasuwannin ƙauye ya koma tiransifa da POS, sabuwar tsintuwa kuma ta zo da shi: lamba ɗaya ta kuskure, alat ya shigo wayar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ba luƙaɗa ba ce, domin sunan mai turowa yana jikin alat ɗin, banki kuma ya san shi. Babu jiran shekara, babu mallaka bayanta, kuma wanda ya cire ya kashe ya faɗa cikin laifin da aka ambata a sama.

Wahalar tana kan mai turowa. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka kawai, yawanci sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu, kuma ga wanda ya yi kuskuren naira 30,000 daga ƙauyen da ba reshen banki, zirga-zirgar kaɗai tana iya cinye rabin kuɗin. Shi ma wanda kuɗin ya shigo wa yana da abin kiyayewa. 'Yan damfara suna tura saƙon alat na bogi, sannan su kira da muryar kuka suna roƙon a mayar. Kafin a mayar da komai sai a duba balas a ga ko kuɗin sun shiga da gaske, in sun shiga a mayar da su asusun da suka fito, ba wata lambar da mai kira ya karanto ba, a kuma ajiye rasit. Mai POS da ya saba da aikin yakan buga rasit biyu, ya ba mai mayarwa ɗaya, ya soke ɗaya a ƙusar da ke jikin rumfarsa.